Rumbun kundayen ɗalibai na NERD: Abin da kutsen ɗakin karatun Birtaniya ke nuna wa Nijeriya

Tun daga ranar 6 ga watan Oktoban 2025, wanda ya kammala jami'a, ko kwalejin kimiyya da fasaha, ko kwalejin ilimi, ba zai samu zuwa hidimar ƙasa ta NYSC ba sai ya nuna shaidar cewa ya bi ƙa'idar sabon rumbun adana ayyukan ilimi na ƙasa da ake kira NERD. Babban abin da ƙa'idar ke nema shi ne a ɗora kundin binciken da ɗalibi ya rubuta a shekarar ƙarshe, ɗauke da sunansa da na malamin da ya duba aikin da na shugaban sashe. Gwamnati ta ce manufar ita ce daƙile takardun bogi da satar fasaha, da kuma sa malamai su riƙa duba aikin ɗalibansu da kyau tunda sunansu zai fita tare da shi.

Manufar ba ta da aibu. Duk wanda ya taɓa leƙa ofishin wani sashe a manyan makarantunmu ya ga yadda kundaye masu baƙin bango ko kore ke jibge a kan kabad, gara da ɓera na rabon su, wasu kuma su ƙare a hannun masu ƙosai da tsire. Sai dai muhawarar da ta biyo bayan sanarwar ta fi karkata ga wahalar da ɗalibai za su sha wajen ɗora kundin. Tambayar da ta fi nauyi ba ta samu kulawa ba: wa zai riƙa kula da na'urar da za ta riƙe waɗannan kundaye, da wane kuɗi, kuma har tsawon wane lokaci?

Abin da ya faru a Landan

Ranar Asabar 28 ga Oktoban 2023, ma'aikatan babban ɗakin karatu na ƙasar Birtaniya, wato British Library, suka wayi gari kwamfutocinsu sun daina aiki. Wani gungun masu kutse da ake kira Rhysida ne ya shiga, ya kwashe bayanai, ya kulle sauran, sannan ya nemi kuɗin fansa bitkoyin 20, kimanin fam 600,000 a lokacin. Hukumar ɗakin karatun ta ƙi biya. Masu kutsen suka watsa bayanai kimanin gigabait 600 a ɓoyayyen sashen intanet, ciki har da na ma'aikata da na masu amfani da wurin.

Wannan ɗakin karatu yana riƙe da littattafai da takardu da sauran kayan tarihi kimanin miliyan 170. Ba a ƙona ko shafi ɗaya ba, amma tsawon watanni masu bincike ba su da hanyar gano inda littafi yake, domin kundin jerin littattafan yana cikin na'urorin da suka durƙushe. Sai a tsakiyar Janairun 2024 aka dawo da wani ɓangare na jerin, shi ma na dubawa kawai.

Ɓangaren da ya fi shafar masu bincike daga ƙasashe irin Nijeriya shi ne EThOS, rumbun da ke ɗauke da bayanan kundayen digirin digirgir sama da 600,000 na jami'o'in Birtaniya. Malaman jami'o'inmu da dama a can suka yi digirinsu na uku, kuma ayyuka masu yawa kan harshen Hausa da tarihin Daular Usmaniyya da noma a Arewa a jami'o'in can aka rubuta su. Ɗalibin da ke Kano ko Sakkwato yana iya nemo irin waɗannan kundaye ta EThOS ba tare da ya nemi biza ba. Bayan harin, an shafe fiye da shekara guda ƙofar a rufe.

A watan Maris na 2024 ɗakin karatun ya fitar da rahoton abin da ya faru, kuma ya cancanci yabo don bai ɓoye laifinsa ba. Rahoton ya ce mafi kusantar hanyar da masu kutsen suka bi ita ce wata saba da aka kafa a Fabrairun 2020 domin 'yan kwangila da ma'aikatan fasaha su riƙa shiga daga nesa. Ba a sa mata tantancewa mai hawa biyu ba, irin wadda banki ke yi idan ya turo lamba ta waya bayan an sa kalmar sirri. An san da haɗarin, amma ba a ɗauka zai kai haka ba.

Abu na biyu da rahoton ya bayyana ya fi ban tsoro ga duk mai kula da rumbu. Ɗakin karatun yana da kwafin tarin kayansa na dijital a ajiye, lafiya lau. Matsalar ita ce babu inda za a sauke su. Masu kutsen sun lalata sabobin da gangan, kuma da yawa daga manhajojin da wurin ya dogara da su tsofaffi ne, kamfanonin da suka yi su sun daina kula da su, ba za su hau kan sababbin na'urori masu tsaro ba. Ga kaya, babu ɗakin da za a shigar da su. Jaridar Financial Times ta ƙiyasta cewa gyaran zai ci fam miliyan 6 zuwa 7, ninki goma na kuɗin fansar da aka nema.

Aikin da ba a gani

'Yan Nijeriya da yawa sun fara jin kalmar saba ne a shari'ar zaɓen 2019, lokacin da aka yi ta taƙaddama kan ko hukumar INEC tana da ita ko ba ta da ita. Saba kwamfuta ce da ba a kashewa, wadda ke ajiye bayanai tana miƙa wa duk wanda ya nema ta intanet. Rumbun bincike kuma manhaja ce da ake ɗorawa a kanta, ta tsara kundaye da sunan marubuci da shekara da fanni, ta bai wa kowane kundi adireshi na dindindin.

Manhajar da jami'o'i suka fi amfani da ita a duniya ita ce DSpace, wadda jami'ar MIT ta Amurka da kamfanin HP suka fitar a 2002. Akwai kuma EPrints ta Jami'ar Southampton. Dukkansu kyauta ne, kuma a nan ne shugabannin makarantu ke yawan ruɗuwa. Kyautar ta tsaya ga saukewa. DSpace tana tafiya ne a kan wasu manhajoji huɗu ko biyar, irin su Java da PostgreSQL da Solr, kuma kowace tana da nata gyare-gyaren tsaro da ke fitowa lokaci zuwa lokaci. Idan aka bar ɗaya a baya, ta zama kafa. Masu haɓaka DSpace sun daina fitar da gyara ga zubi na 6 tun a tsakiyar 2023, kuma hawa zuwa na 7 aiki ne babba domin an sake fasalin fuskar manhajar gaba ɗaya. Makarantar da ba ta da ma'aikacin da zai iya wannan ƙaura tana nan zaune kan irin tsohuwar manhajar da ta kassara ɗakin karatun Birtaniya.

Sauran aikin na yau da gobe ne, mai gundura. Duba ko faifan ajiya ya kusa cika. Sabunta takardar tsaron shafi kafin ta ƙare, in ba haka ba mai buɗewa ya ga gargaɗi ya juya. Biyan kuɗin sunan shafi. Goge asusun ma'aikacin da ya bar aiki. Gyara sunayen marubuta, domin Muhammad da Mohammed da Muh'd suna iya zama mutum ɗaya, na'ura kuwa uku take gani. Sannan a 'yan shekarun nan an samu sabon ciwon kai: manhajojin kamfanonin ƙirƙirarriyar basira da ke yawo suna kwasar rubutu. Ƙungiyar rumbunan bincike ta duniya, COAR, ta tambayi mambobinta a 2025, kuma mafi yawan waɗanda suka amsa sun ce irin waɗannan manhajoji na yi musu dirar mikiya har shafin ya yi nauyi ko ya tsaya.

Kwafin ajiya shi ne uwa uba, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙa'idar da masana suka saba bayarwa ita ce kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya a wani wuri dabam. A ranar 26 ga Satumban 2025, kwana goma kafin dokar NERD ta fara aiki, gobarar batir ta tashi a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon. Ɗaruruwan ayyukan gwamnati suka tsaya, kuma wani rumbun ma'aikata mai suna G-Drive, mai ɗauke da bayanai terabait 858, ya salwanta saboda ba a yi masa kwafi a wani wuri ba. Dalilin da aka bayar shi ne girmansa ya yi yawa. A Jami'ar Kyoto ta Japan kuwa, a Disamban 2021, manhajar yin kwafin ce da kanta ta goge bayanan bincike terabait 77 bayan wani sabuntawa da aka yi mata ba daidai ba. Shi ya sa ƙwararru ke cewa kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba a san ko kwafi ba ne.

Yanayin gida

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Jami'ar Jos ta buɗe rumbunta tun 2009, Jami'ar Ahmadu Bello tana da nata mai suna Kubanni, wanda ya ci sunan rafin da ya ratsa Zariya, wasu jami'o'in ma sun bi sahu. Asusun TETFund ya sa kuɗi a aikin mayar da tsofaffin kundaye na dijital. Amma yadda ake kashe kuɗi a manyan makarantu ya fi dacewa da gini fiye da riƙo. TETFund yana ba da kuɗin gine-gine da kayan aiki da horaswa, ba ya biyan albashi. Sayen saba aiki ne da ake yanke masa zare a ɗauki hoto. Man janareta da batirin da zai riƙe ta idan wuta ta ɗauke da na'urar sanyaya ɗakin da take, duk daga ɗan kuɗin gudanarwa na makaranta za su fito, tare da kuɗin sharar haraba da na man motar shugaba.

Wutar kanta ta zama nauyi. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin lantarki na rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, jami'o'i da dama suka yi ta kukan ba za su iya biya ba. A Oktoban 2024, yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalata layin wuta. Saba ba ta son a kashe ta babu shiri. Ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu na iya lalata ma'ajin bayanan.

Sai maganar mutum. A makarantu da yawa rumbun yana tsakanin ofis biyu: ɗakin karatu ne mai kundayen, sashen fasahar sadarwa ne mai na'urar. Jifa ya faɗa tsakani, kowa ya ce na wancan ne. Sau da yawa matashi ɗaya ne ya san kalmar sirri da yadda aka haɗa komai, kuma irin wannan matashi ne bankuna da kamfanonin waje ke zawarci da albashin da jami'a ba za ta iya kamo ƙafarsa ba. Ranar da ya tafi, ilimin ya tafi da shi idan bai rubuta ba. Ko rahoton ɗakin karatun Birtaniya ya ambaci wahalar riƙe ƙwararrun fasaha da albashin gwamnati.

Tara komai a rumbu ɗaya na ƙasa yana iya rage wasu daga cikin waɗannan matsaloli. Ya fi sauƙi a biya ƙwararru goma masu kyau a wuri ɗaya da a nemi ɗaya a kowace makaranta cikin ɗaruruwa. Amma yana haifar da wata. Lokacin da EThOS ya faɗi, abin da ya ceci masu bincike shi ne jami'o'in Birtaniya da yawa suna da nasu rumbunan, kundayen na nan a can, wahalar nema ce kawai ta ƙaru. Idan makarantun Nijeriya suka ɗauki NERD a matsayin dalilin sakin nasu rumbunan, ƙasar za ta koma dogaro da ƙofa ɗaya.

Kuma wannan ƙofar ta fi ta EThOS nauyi. Faɗuwar EThOS ta jinkirta bincike. Faɗuwar NERD a makon da ake rajistar hidimar ƙasa na iya sa ɗalibi ya rasa rukuninsa ya jira watanni, alhali takardar NYSC ce yawancin ma'aikatu ke fara tambaya. Rumbun zai kuma riƙe sunaye da bayanan ɗalibai da malamai masu ɗimbin yawa, irin kayan da Rhysida ta sa a kasuwa, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe irin su alhakin tsare su da sanar da hukuma idan an yi kutse.

Saboda haka akwai abubuwan da majalisa da ƙungiyoyin malamai da na ɗalibai ke da hurumin neman a bayyana musu a rubuce. A ina kwafi na biyu da na uku suke, kuma yaushe aka gwada dawo da su? Idan kamfani ne ke gudanar da na'urorin, kundayen mallakin wa ne ranar da kwangila ta ƙare, kuma a wane fasali za a miƙa su? Wane layi ne a kasafin kuɗi zai biya kula da rumbun a shekara ta biyar da ta goma? Sannan wace takarda hukumar NYSC za ta karɓa daga hannun ɗalibin da ya kammala komai, ya zo rajista, ya tarar shafin ba ya buɗuwa?