IDAN AMSAR ADDU'A TA YI JINKIRI, LAIFIN WA?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wata magana ce da ta tsaya mini a maƙogwaro tun watan jiya, na yi ta ƙoƙarin haɗiye ta amma ta ƙi wucewa. Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, bana shekararta 11 a gidan miji ba ta taɓa ko ɓari ba. Asibiti kam sun je har sun gaji, an ce daga ita har mijin lafiyarsu ƙalau. To, kwanakin baya wata ƙawarta ta ja ta zuwa wani taron addu'ar dare, irin wanda ake kwana ana yi da lasifika, sai mai wa'azin ya ce matan da ke neman haihuwa su fito gaba. Bayan ya ɗora musu hannu, sai ya ce duk wadda ta yi wata uku ba ta ga canji ba to ta binciki kanta, ko dai bangaskiyarta ce ba ta kai ba, ko kuma akwai zunubin da take ɓoyewa. Wata uku suka cika shiru. Ranar da ta zo gidana ta yi kuka har ta ba ni tsoro, kuma ba rashin cikin ne ya sa ta kukan ba, domin wannan ta riga ta saba da shi. Cewa ta yi, "Yaya, ni yanzu kunyar durƙusawa nake ji, kamar Allah ya san wani abu a kaina wanda ni ban sani ba."

Ni ba fasto ba ne, ban kuma taɓa shiga makarantar tauhidi ba. Amma tun ina makarantar Lahadi nake karanta Littafi Mai Tsarki, kuma iya karatuna ban ga inda aka yanka wa Ubangiji wa'adin wata uku ba. Abin da na gani shi ne, akasarin mutanen da muke kafa misali da su, masu jira ne. Ibrahim yana da shekara 75 ya bar Haran da alkawarin zuriya, ba a haifi Ishaku ba sai da ya cika 100. Yusufu yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai da ya kai 30 kafin ya tsaya gaban Fir'auna, kuma wani ɓangare na shekarun nan 13 a kurkuku ya yi shi bisa ƙazafi. Wanda ya fi taɓa ni shi ne labarin Hannatu, uwar Sama'ila. Kowace shekara sai sun je Shilo sujada, kowace shekara kishiyarta Feninna sai ta yi mata gorin haihuwa. Ranar da abin ya ishe ta, tana addu'a leɓunanta na motsi ba a jin murya, Eli babban firist da kansa ya ɗauka ta bugu ne, har ya tsawata mata. Ashe ba yau aka fara ba, shugaban addini ya dubi mace mai ɓacin rai ya yi mata mummunar fassara. Bambancin kawai, shi Eli da ta yi masa bayani ya janye maganarsa ya sa mata albarka.

Na san mai karatu zai ce, ai duk waɗannan da ka lissafa daga baya sun samu. Haka ne, kuma a nan ne nake so mu yi wa juna gaskiya. Mun iya cewa wani jinkirin alheri ne, amma galibi wanda nasa ya riga ya zo hannu shi ke faɗin haka. Akwai addu'ar da ba a amsa ta yadda mai ita ya roƙa ba, har ya koma ga Mahaliccinsa. Manzo Bulus ya faɗa da bakinsa cewa sau uku ya roƙi a cire masa wata ƙaya da ke jikinsa, ba a cire ba. Yesu Almasihu kansa a Getsamani sau uku ya yi roƙo a kan wahalar da ke gabansa, gari na wayewa aka kai shi gicciye. Shin wa zai buɗe baki ya ce ƙarancin bangaskiya ne ya jawo musu?

Mu bar zamanin da, mu dawo gida. A daren 14 ga Afrilu 2014 'yan Boko Haram suka kwashe ɗalibai 276 daga makarantar sakandaren 'yan mata ta Chibok a jihar Borno. Mafi yawansu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne, wato EYN, akwai kuma 'ya'yan Musulmi a ciki. Guda 57 sun kuɓuta tun a farko. An sako 21 a watan Oktoba 2016, aka sako 82 a watan Mayu 2017, wasu kuma suka riƙa fitowa ɗaya-ɗaya, wasunsu da goyo. Amma da aka cika shekara 10 a 2024, fiye da 80 ba su dawo ba, kuma iyaye da dama sun mutu suna jira. Haka a Dapchi ta jihar Yobe, an sace 'yan mata a ranar 19 ga Fabrairu 2018, aka dawo da mafi yawansu bayan wata guda, aka riƙe Leah Sharibu, har aka cika shekara 7 a 2025 ba ta ga gida ba. To, don Allah a duba mini. Uwar da 'yarta ta dawo a 2016 da uwar da tata ba ta dawo ba, wataƙila benci ɗaya suke zama a majami'a, azumi ɗaya suka yi, hawaye ɗaya suka zubar. Wane ma'auni ne mai wa'azin nan zai ɗauko ya ce ta wannan ta fi ta waccan nauyi? Idan ba zai iya faɗin haka a gaban matan Chibok ba, bai kamata ya faɗa wa ƙanwata ba.

Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A ganina, matar da ta shekara 10 tana roƙon abu ɗaya ba ta samu ba, kuma gobe da asuba ta sake durƙusawa, ita ce ya kamata ta hau mumbari ta koya mana bangaskiya. Kuma naciya a addu'a ba ta hana mutum kai ƙara. Zabura ta 13 da tambayar sai yaushe ta fara, har sau huɗu. Zabura ta 88 kuwa da duhu ta ƙare, babu ko kalmar samun sauƙi, amma ba a cire ta daga Littafin ba. Marta ma, da Yesu ya iso Betanya bayan Li'azaru ya kwana huɗu a kabari, ba ta ɓoye masa cewa ya makara ba, kuma bai kore ta ba. Wanda ke ƙorafi a gaban Allah har yanzu a gabansa yake.

Mu ma 'yan ikilisiya da namu laifin. Lokacin ba da shaida ranar Lahadi, wa ke fitowa? Wanda ya sami aiki, wadda ta haihu, wanda ya sayi mota. Madalla, muna taya su murna. Amma mai jira yana zaune a baya yana tafa wa wasu, mako bayan mako, har ya fara jin shi bare ne a gidan Ubansa. Ban taɓa jin an kira wani an ce ya zo ya gaya mana yadda ya yi ya riƙe addu'a shekara 15 hannu wofi ba, alhali wannan ne darasin da yawancinmu za mu buƙata wata rana.

Ita dai ƙanwata ban yi mata alkawarin komai ba, domin ban san abin da Allah ya shirya mata ba. Na ce mata idan bakinta ya yi nauyi ta zo mu zauna, ni in yi addu'ar ita ta ce amin. Sau biyu muka yi haka. Ranar Talatar da ta wuce matata ta ce ta gan ta a taron zumuntar mata, ta ɗaura zanen ƙungiya, tana zaune can layin baya. Da aka tambayi masu buƙatar addu'a, ta ɗaga hannu, ta faɗi abin nan dai da ta saba faɗa.