Cutar Kwamfuta Ma Rigakafi Take Buƙata

Duk ɗalibin da ya karanta ilimin halittu ya san cewa ƙwayar bairos ba ta iya hayayyafa da kanta, sai ta shiga ƙwayar halittar wani ta mai da ita masana'antarta. Saboda wannan kamanni ne masana suka ari sunan suka laƙaba wa wata muguwar manhaja da ke maƙalewa a jikin fayil, tana yaɗuwa duk lokacin da aka buɗe shi. Ta farko da ta addabi ƙananan kwamfutoci samfurin IBM, wato Brain, ta fito ne daga Lahore ta Pakistan a 1986, kuma ta faifai take bi.

Faifan ya shuɗe, amma hanyar tana nan. Daga Kwanar Ɗangora har Riruwai, katin memori da filash na yawo hannu-hannu tsakanin masu tura fina-finai da shagunan buga takardu. Ɗalibin Bebeji ko Tudun Wada da ya je a buga masa aikin makaranta yana iya komowa da baƙuwar da bai gayyata ba.

Ba bairos kaɗai ba ne. Akwai tsutsa, mai ratsa intanet ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Akwai Turojan, kura da fatar akuya, wadda ke zuwa a siffar manhaja mai amfani. Irinta ce FluBot da hukumar sadarwa ta NCC ta yi gargaɗi a kanta a 2021, mai satar bayanan banki a wayoyin Android. Mafi muni ita ce mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa. A watan Mayu na 2017 WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Abin takaici, tun watan Maris kamfanin Microsoft ya fitar da maganin toshe kafar. Waɗanda ba su sabunta na'urorinsu ba su ne suka kwana ciki.

Kanawa ba baƙin wannan darasi ba ne. Dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 ya sa cutar ta sake bazuwa, kuma sai 2020 aka tabbatar an rabu da ita a Nijeriya. Sabunta manhaja shi ne allurar kwamfuta. Tunda jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ya kamata malaman sakandaren Kiru da Doguwa su haɗa koyar da dannawa da koyar da tsafta: a bincika kowane filash kafin a buɗe shi, a guji latsa adireshin da ya zo a saƙon da ba a san mai shi ba, a kuma ajiye kwafin sakamakon ɗalibai a wani wuri dabam da kwamfutar ofis.