Wa Zai Sayi Ɗan Alfaka?

Akwai wata dabba a Amurka ta Kudu wadda a ke kira alfaka. Dangin raƙumi ce, amma ba ta da tozo, kuma ba ta fi ɗan maraƙi girma ba. Mazauninta kan duwatsun Andis ne, a ƙasashen Peru da Bolibiya da Cile, inda tudun ƙasa ya kan kai mita 4,000 bisa teku, sanyi kuwa har ruwa ya kan daskare da dare. Yawancin alfakan duniya a Peru su ke, sun fi miliyan 3.

Makiyayan can ba don sha'awa su ke kiwonta ba. Su kan aske gashinta su sayar wa dillalai, a kai birnin Arekifa inda masaƙu su ke. Su ci naman, su shanya saura, su yi girki da busasshen kashinta, don itace ya yi wuya a tudun nan. Gashin yana da laushi ƙwarai da ɗumi. Tun 1836 wani mai masaƙa a Ingila, Titus Salt, ya tarar da dilolinsa a yashe a Libaful, ya gwada saƙa shi, ya kuwa yi arziki da shi. Watau dabba ce mai amfani, ba mai musun wannan. Amma duk da haka makiyayanta suna cikin matalautan Peru. Mai karatu ya riƙe wannan, za a komo kansa.

A 1984 aka fara shigo da alfaka ƙasar Amurka don kiwo. Da ya ke baƙuwa ce, kuma ba ta da yawa, sai ta yi tsada. A 1998 masu kiwonta suka rufe littafin da a ke rubuta asalin dabbobin, suka ce ba za a ƙara rubuta wadda aka shigo da ita daga waje ba. To, wadda ba ta cikin littafi ba ta da daraja a kasuwa, saboda haka ƙofa ta rufu ke nan. Aka yi ta talla a talabijin, ana nuna wa ma'aikata da masu fansho cewa ga hanyar hutu da riba gaba ɗaya. Gwamnati kuma tana rage haraji ga wanda ya sa kuɗi a dabbobin kiwo. Mutanen da ba su taɓa ɗaure ko akuya ba suka kwashi ajiyarsu ta tsufa suka saya. Wajen 2005 mace mai kyau ta kan kai dala 20,000, wata ma ta fi.

To, a zauna a yi lissafi irin na manomi. Sau ɗaya a ke aske alfaka a shekara, a sami gashi kamar kilo 3. A ƙaddara ma kowane kilo dala 50 ne, ga shi kuwa yawancin gashin ba ya samun wannan farashi. Dala 150 ke nan a shekara. Kafin gashi ya mai da dala 20,000 sai an yi shekara 133, dabbar kuwa da wuya ta wuce shekara 20 a duniya. Ba a ma cire kuɗin ciyawa da magani da ladan mai aski ba tukuna. Nama kuma? Mutanen Amurka ba su saba cinsa ba.

Masu talla ba su rasa amsa ba. Su kan ce ai ba a gashi ribar ta ke ba, a haihuwa ta ke. Gaskiya ne tana haihuwa, ɗa guda bayan ciki na wata 11 da 'yan kwanaki. Amma wa zai sayi ɗan? Sai wani sabon mai kiwo, wanda shi ma fatansa ya sami wani sabo ya sayar masa. A nan ne maganar ta lalace. Mai sayen ragon layya yanka shi zai yi, baɗi kuma ya komo kasuwa neman wani. Mai sayen alfaka kuwa, kowace shekara garkensa ƙaruwa ya ke yi, har wanda ya zo saye bara ya zama mai neman sayarwa bana. Rabin 'ya'yan kuma maza ne, kaɗan ne cikinsu su ka isa a bar su don barbara.

Ba a ce ba a yi gargaɗi ba. Waɗansu malaman tattalin arzikin noma guda biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Debis, Tina Saitone da Richard Sexton, sun yi bincike, aka buga shi a 2007. Suka nuna kuɗin gashi ba ya ko biyan ɗawainiyar dabbar, balle kuɗin sayenta. Suka kuma tuna wa mutane Peru. An hana dabba shigowa, amma ba a hana gashi ba. Yaya mai ciyar da garke da ciyawar saye zai yi gasa da makiyayin da dabbobinsa ke kiwo a fili, wanda shi kansa gashin bai fid da shi daga talauci ba? Masu garke da yawa haushi su ka ji.

Da matsin kuɗi ya auku a 2008, sababbin masu saye su ka ɗauke ƙafa. Farashi ya zube. Dabbar da aka saya dubbai ta koma 'yan ɗaruruwa, waɗansu kyauta aka ba da su don a huta da ciyarwa, waɗansu kuma aka bar su da yunwa sai da masu jin ƙan dabbobi su ka kwashe su. Allah Sarki, ita dabbar ba ta yi laifin kome ba.

Har yanzu akwai masu kiwon alfaka a Amurka da Ingila da Ostareliya, kuma waɗansu suna samun abin rufin asiri. Amma da araha su ka sayi nasu. Su kan kaɗa zaren da kansu su sayar da huluna da safa, ko su karɓi kuɗi wurin baƙi masu zuwa kallo. Masu tumaki kuma su kan sayi dandaƙaƙƙun maza biyu su sa cikin garke lokacin haihuwa, don alfaka ba ta ƙaunar ganin yanyawa kusa da 'yan tumaki, ta kan bi ta da hauri har sai ta bar wurin.