Mun iya fasa kwalba, amma ina mashayin zai dosa?

Jama'a, kaka ta yi. Daga Funtua zuwa Bakori, Danja, Kafur har Malumfashi, masara da waken suya sun shigo gida, motoci na ta lodi a kasuwar Dandume. Kuma mu bar yaudarar kanmu, wannan ne lokacin da wasu magidanta ke narkar da wahalar damina guda a bayan gari, cikin ƙwaryar burkutu ko 'yar giyar leda. Kafin bazara rumbu wayam, matar ta yi yaji, gona ta tafi jingina.

Me muke yi a kai? Tun shekarar 2000 ake shari'ar Musulunci a Jihar Katsina. A kama, a fasa kwalabe, a ɗauki bidiyo a watsa a Facebook, mu kuma mu cika da Allah wadai. Ban ce a bar masu sayarwa su ci karensu babu babbaka ba. Tambayata ɗaya ce: ranar da mashayin ya farka da asuba ya ce shi fa ya gaji, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa?

Amsar da muka saba bayarwa ita ce gidan mari. Mun ga ƙarshenta a 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna, da Daura, da cikin Katsina, aka fito da mutane ƙafa da sarƙa, baya duk shatin bulala. Iyayensu ba mugaye ba ne, rasa mafita suka yi.

Ga abin da da yawanmu ba su sani ba. Wanda jikinsa ya saba da giya sosai, in ya yanke rana ɗaya, cikin kwana biyu zuwa uku yana iya kama karkarwa, da gane-gane, da farfaɗiya, har ta kai ga rasa rai. Wannan aikin likita ne, a babban asibiti, ko Shika a Zariya, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. To amma in an sallame shi fa? Majalisar da ya bari tana nan, abokan na jira. Nan ake faɗuwa.

A 1935, a garin Akron na Amurka, mashaya biyu, dillalin hannun jari Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gane cewa in sun zauna suna gaya wa juna gaskiya, suna iya wuni ba su sha ba. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali. Tsarinta ba wuya. Ba kuɗin shiga, ba a neman cikakken sunanka, abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita. Ba a ce ka yi rantsuwar har abada, yau kaɗai za ka riƙe. Wanda ya daɗe da dainawa ya kama hannun sabo, ko tsakar dare sha'awa ta taso a kira shi. A 2020 masanan Cochrane sun tattara bincike 27, suka ga wannan hanya tana taimaka wa mutane su ɗore ba sha, ba ta gaza sauran hanyoyin ba.

Na san wani zai ce wannan ai na Turawa ne. Malam, gayya ta Turawa ce? Gonar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya ai taruwa ake yi a nome masa. Wani kuma zai ce tara mashaya ɗaure wa saɓo gindi ne. Ina tuna masa cewa ita kanta giya mataki-mataki aka haramta ta. Kuma ya zo a Buhari cewa da wani ya tsine wa sahabin da ake yawan kawowa saboda sha, Annabi (SAW) hana shi ya yi. Mu kuwa tsinuwar ce kaɗai muka ƙware a kai.

Abin da nake nema ba ya buƙatar kasafin gwamnati. Aji ɗaya a makaranta bayan la'asar, sau ɗaya a mako. Liman ko fasto ya ba da mabuɗi ya koma gefe, don yankin nan akwai Kiristoci da Maguzawa, kuma giya ba ta tambayar addini. Ma'aikacin lafiya ya zama majingina. Mata su samu nasu zaman daban. Ba waya, ba hoto, ba ɗan siyasa mai zuwa rabon atamfa. Wanda ya fitar da sirrin ɗakin a ɗauke shi maci amana, don gulmarmu ta fi kwalba hana mutane warkewa.

Kai kuma da Allah Ya kuɓutar, kana nan shiru don kunya, kai muke jira. Akwai mai neman daina sha a unguwarku da ba zai saurari kowa ba sai wanda ya taɓa shiga ramin ya fito. Mutum biyu sun isa a fara.

Allah Ya shirye mu baki ɗaya, Ya rufa mana asiri.