A Tara Makaɗan Kafin Hannu Ya Manta

A shekarar 2023 wata ƙungiyar makaɗan jita ta ƙasar Zambiya, mai suna WITCH, ta fitar da faifai ta raɗa masa suna Zango. Ni da nake ɗan Zangon Daura, sunan ne ya fara jan hankalina, har na bi diddigin labarin. Ashe mutanen nan sun yi tashe ne a shekarun 1970, suna kiɗan nan na rok mai amo da ƙara. Daga baya tattalin arzikin ƙasarsu ya karye, mutuwa ta yi ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, shugabansu Emmanuel Chanda, wanda ake kira Jagari, ya koma haƙar duwatsu masu daraja don neman abin sakawa a baka. Shekara 39 ke tsakanin faifansu na 1984 da wannan. Da aka tashi farfaɗo da ƙungiyar, sai da aka haɗa tsofaffin da suka rage da waɗansu samarin makaɗa na Turai, aka zauna bita.

Wannan bitar ita ce abin da nake so mai karatu ya dube ta da idon basira. Mutane sukan ɗauka cewa makaɗi idan ya iya, ya iya ke nan har abada. Ba haka ba ne. Ƙungiyar Orchestra Baobab ta birnin Dakar ta watse a 1987, ba ta sake haɗuwa ba sai 2001. Gwaninsu na jita, Barthélemy Attisso, ya koma Lome yana aikin lauya, ya jingine jitar shekara da shekaru. Da kira ya zo masa, sai ya tarar yatsunsa sun ƙi bin umurninsa, dole ya koma ya yi ta maimaici kamar ɗan koyo kafin ya yarda ya hau dandali a Landan. Watau kiɗa a hannu yake zaune, hannu kuwa yana mantuwa.

To, mu dawo gida. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, aka binne shi nan Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Mun rubuta kundaye a kan waƙoƙinsa, mun fiɗe salonsa, mun ƙirga karin maganarsa. Amma ɗalibai nawa ne a cikinmu suka taɓa tambayar inda masu kalangunsa da 'yan amshinsa suka shiga? Alhali kuwa an san Shata da ƙaga waƙa nan take a gaban jama'a, kuma abin da ya ba shi damar yin haka shi ne mutanen da ke bayansa, waɗanda suka san numfashinsa, suka san inda zai tsaya da inda za su karɓe. Mai kalangu yakan matse tsarkiya a hammata, ya sassauta, don sautin ya bi hawa da saukar magana. Mai ɗan karɓi da mai kuntuku suna cike masa giɓi. Kaset yana adana abin da ya fito daga wannan haɗin kai, amma ba ya nuna wa yaro yadda aka yi ya fito. Sai an zaunar da su wuri guda, sun yi kuskure, sun yi wa juna tsawa, sun sake, sa'an nan mai kallo zai gane asirin.

Na san abin da za a ce. Waɗansu za su ce tsofaffi ne kawai ke neman kuruciyar da ta wuce, ko kuwa yunwa ce ta koro su. Ko da yunwar ce, ina laifi? Da ma sana'arsu ce. Waɗansu kuma za su ce da yawa daga cikin makaɗan sun ajiye kiɗa don kansu, sun koma gona da masallaci, ba su son a tuna musu. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma wanda ya ce ya bari, a ƙyale shi da mutuncinsa. Maganata a kan waɗanda ke so ne, ba su dai sami mai tara su ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, a Zambiya da Senegal duka, da hannun baƙi daga Turai aka yi wannan aiki. Mu kuwa muna da sassan Hausa a Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina. Kuɗin motar tsofaffi biyar, da abincin kwana uku, da ɗaki guda, da na'urar ɗaukar hoto, ba su fi ƙarfin ƙungiyar ɗalibai ba, balle sashe.

A unguwarmu a Zango akwai wani dattijo da ya yi zamaninsa yana kiɗa wa mahauta da 'yan mata a dandali. Kalangunsa na nan rataye a zaure, fatar ta tsage, gizo-gizo ya yi saƙa a tsarkiya. A hutun da ya wuce na tambaye shi ko zai iya kaɗawa in an gyara. Ya daɗe yana duban tafin hannunsa, sa'an nan ya ce shi kaɗai ba zai iya ba, sai an nemo masa mai ɗan karɓinsa, wanda ya koma wajen 'ya'yansa a Magarya, in dai yana da rai.