Yaranmu sun iya fomula, amma ba sa tambayar ma'auni

1/ Ina koyar da fiziks a wani lesin na yamma a Nasarawa GRA, Kano. A ganina, abin da ke kayar da yaranmu a WAEC da NECO ba wuyar lissafi ba ce. Muna sa su haddar fomula, ba ma koya musu karanta ma'auni.

2/ Ɗauki PV = nRT. Aka ce nemo zafi, wato T. Kowa zai rubuta T = PV/nR. Tambayi yaro me ya sa amsar ke fitowa a Kelvin, sai ya yi tsit.

3/ Alhali abin a fili yake. Pascal sau mita kubik yana ba da Joule. A ƙasa kuma, mol sau R (8.314 J/mol·K) yana ba da J/K. Raba J da J/K, K ce kaɗai ta rage.

4/ Misali: P = 101,325 Pa, n = 1, iskar ta cika lita 24.5. Mai da lita zuwa 0.0245 m³, ka samu kusan 298.6 K, wato wajen 25°C.

5/ Wanda ya zuba 24.5 a kalkuleta kai tsaye zai samu kusan 298,600 K. Saman rana kanta wajen 5,800 K ne. Amma wallahi yaro zai ja layi biyu a ƙarƙashi ya miƙo maka.

6/ Haka batun Celsius. Tayar mota ta tashi daga 20°C da safe zuwa 40°C da rana a kan Ahmadu Bello Way. Yaro zai ce iskar ta ninka. Da haka ne, da masu faci sun yi arziki. A Kelvin 293 ne zuwa 313, ƙarin kusan kashi 7 cikin 100 kawai.

7/ Wasu malamai za su ce manhaja ta yi yawa, lokaci babu. Gaskiya ne. Amma bin ma'auni layi ɗaya ne, kuma shi ke kama kuskure kafin mai maki ya kama.

8/ A 1999 NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangare ya yi lissafi da fam, wani da Newton.

9/ Malamai, don Allah, amsar da ba ma'auni a rage mata maki tun daga SS1. Iyaye kuma, in yaro ya ce "298", ku ce masa: 298 me?