Idan ƙarfe mai guba ya ɓace wa kamfanin mai, wa zai biya?

 Tun daga shekarar 2011 da matatar mai ta SORAZ ta soma aiki a Damagaram, har zuwa 2024 da aka fara tura ɗanyen man Agadem cikin bututun nan mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a ƙasar Benin, hirarmu a kan man fetur ba ta wuce farashin lita da kuɗin mota. To amma akwai wani ɗan ƙaramin abu da aikin mai ke tafe da shi a ko'ina cikin duniya, wanda ba a cika yi mana bayaninsa ba, alhali kuwa idan ya ɓace, kasuwar tsofaffin ƙarafa ce yake nufa.

Masu haƙar mai ba su iya ganin abin da ke cikin rijiya mai zurfin dubban mitoci da idonsu. Saboda haka sukan zura wata na'ura mai ɗauke da ɗan ƙarfe da ke fitar da tururin nukiliya, domin su gane irin dutsen da ke ƙasa, da ko yana riƙe da mai ko ruwa. Haka nan masu shimfiɗa bututu sukan yi amfani da irinsa wajen ɗaukar hoton walda, kamar yadda ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Sinadaran da aka fi sa wa ciki su ne sisiyom 137, da amerisiyom haɗe da beriliyom, da kuma iridiyom 192. Wani bai kai girman ɗan yatsa ba. Tururinsa ba ya da wari, ba ya da launi, ba ya ƙara, amma yana ratsa tufa da fata. Ga shi da daɗewa, domin sisiyom sai ya shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, amerisiyom kuwa sai ya haura shekara 400. Shi ya sa ake ajiye su cikin akwati mai nauyin gaske wanda ke tare tururin.

Wani zai ce ai manyan kamfanoni ba su sakaci da irin wannan kaya. To ga abin da ya faru a maƙwabciyarmu Najeriya. A watan Disamba na 2002, irin waɗannan ƙarafa guda biyu suka ɓace wa kamfanin Halliburton na Amurka a yankin Neja Delta, tsakanin Warri da Fatakwal. Aka yi ta cigiya, har Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta aiko da ƙwararru. Daga baya sai ga su a ƙasar Jamus, cikin tarkacen ƙarafan da aka kai wata masana'antar narka ƙarfe. Ku duba hanyar da suka bi: daga motar kamfani zuwa hannun masu tara ƙarfe, daga nan zuwa jirgin ruwa. Maimakon a maido su Najeriya domin bincike, sai aka wuce da su Amurka. A watan Satumba na 2004 gwamnatin Shugaba Obasanjo ta hana a ba kamfanin kwangila, tana mai cewa ya yi sakaci kuma ya ƙi ba da haɗin kai.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A watan Satumba na 2012 wannan kamfani ya sake ɓatar da wani a jihar Texas, aka yi sama da mako uku ana nema kafin a tsince shi a gefen hanya. A ƙasar Iraƙi kuma, a watan Nuwamba na 2015, wani ƙarfen iridiyom ya ɓace daga ma'ajiyar kamfanin Weatherford kusa da Basra. Jama'a ba su ji labari ba sai a watan Fabrairu na 2016, sannan aka tsince shi an jefar kusa da wani gidan mai a garin Zubair. Abin takaici, mai ma'ajiya ya ce kayan ba nasa ba ne, kamfanin SGS mai kayan kuma ya ce ba shi ke tsaron wurin ba.

Me ya haɗa wannan da mai sayar da tukwane a Agiye ko mai tuyar ƙosai a tashar Gazawa? Babbar hanyar nan da ta taso daga Yamai ta bi ta Gidan Rumji, Maraɗi, Agiye, Gazawa da Tasawa zuwa Damagaram, ita ce manyan motoci masu zuwa gabashin ƙasar nan ke bi. A gefenta yaranmu ke tsintar ƙarfe suna kai wa ƴan gwangwan a auna da kilo. Ga mai sayen ƙarfe, nauyi shi ne riba, akwatin wannan guba kuwa nauyi gare shi fiye da girmansa. Ƙarfen da aka tara, wani maƙera ke saye su yi murhu da kasko da garma, wani kuma a loda shi zuwa Katsina da Kano.

Abin da ke faruwa idan aka fasa akwatin, mutanen garin Goiânia na ƙasar Burazil sun gan shi a watan Satumba na 1987. Wasu mutum biyu suka ɗauko wata na'ura daga wani asibitin da aka daina aiki da shi, suka sayar wa mai sayen tsofaffin ƙarafa. Da dare ya ga wani gari a ciki yana ba da shuɗin haske, ya kai gida, ya rarraba wa dangi da abokai. Cikin ƴan kwanaki sai amai da gudawa da ƙuna a jiki ba tare da wuta ba. Matar mai shagon ce ta fara gane cewa cutar gidanta ta soma ne tun ranar da abin ya shigo, ta sa shi a jaka ta hau motar haya ta kai wa ma'aikatan lafiya. Ta ceci gari, amma ita ba ta tsira ba. Mutum 4 suka rasu, har da yarinya ƴar shekara 6, aka sami gubar a jikin mutum 249, aka auna kimanin 112,000, aka rushe gidaje.

Mu ma a Nijar mun ɗanɗana wani ɓangare na wannan. A ƙarshen 2003, ƙungiyar Aghirin'man ta Arlit tare da masu bincike na CRIIRAD daga Faransa sun auna tsofaffin ƙarafan da ake sayarwa a garin, suka tarar da masu ɗauke da gubar yuraniyom da suka fito daga wuraren haƙar ma'adinai. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta sake samun irin haka. Talaka ne ya sayi ƙarfen da kuɗinsa ya kai gidansa, ba tare da kowa ya gargaɗe shi ba.

Ba ina tuhumar wani kamfani da ke aiki a ƙasarmu da ɓatar da irin wannan kaya ba ne. Abin da nake cewa shi ne a ɗaure magana tun kafin ranar ta zo, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Wasu na cewa sanar da jama'a zai tada hankali, ko ya ja hankalin ɓarayi. Ƙasar Ostareliya ta ba su amsa a watan Janairu na 2023, lokacin da wani ɗan ƙarfen sisiyom da bai kai ƙwayar gyaɗa ba ya faɗo daga motar da ta ɗauko kayan kamfanin ma'adinai na Rio Tinto, a kan hanya mai kilomita 1,400. Hukuma ta yi shela ta gaya wa kowa kada ya taɓa, ranar 1 ga Fabrairu aka gano shi, kamfanin ya nemi gafara. Sai dai a lokacin aka gane cewa tarar da dokarsu ta tanada ba ta wuce dalar Ostareliya 1,000 ba, kuɗin da bai kai jika 500 ba. Irin wannan tara ba ta hana babban kamfani barci. Wasu kuma na tsoron kada a matsa wa kamfani ya tattara ya tafi. Maƙwabciyarmu Cadi ta dakatar da kamfanin CNPC a 2013 saboda zubar da ɗanyen mai a daji, a 2014 ya yarda ya biya dala miliyan 400, kuma ya ci gaba da aikinsa.

Don haka ina kira ga hukumar ARSN mai sa ido kan harkar nukiliya a Yamai, da ministan man fetur, da gwamnan Maraɗi, da su tabbatar da abu huɗu. Na farko, kowane irin wannan ƙarfe da ya shigo ƙasar nan ya kasance da lamba da sunan kamfani ɗaya tak da zai amsa tambaya a kansa, ko da ɗan kwangila ne ya ɗauko shi. Na biyu, idan ya ɓace, a sanar a ranar ta gidajen rediyo, da Hausa da sauran harsunanmu, domin mu masu aikin rediyo mun san takardar Faransanci da aka liƙa a ofis ba ta isa rumfar kasuwa. Na uku, kuɗin nema da na magani da diyya su fito daga aljihun kamfani, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na huɗu, a wadata jami'an duwan da ƴan kwana-kwana na jihar nan da na'urar auna tururi, a riƙa leƙa wuraren tara ƙarfe.

Ku kuma ƴan kasuwa, ga naku aikin. Ku san alamar: fukafukai uku kamar na fanka a kan launin rawaya, ko kuma jar alama mai kusurwa uku da ƙoƙon kan mutum da wani yana gudu, wadda aka fito da ita a 2007. Idan aka kawo muku akwati ko gwangwanin ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, kada ku saya, kada ku fasa, kada ku kai gida. Ku janye yara nesa, ku sanar da sarkin kasuwa ko mai gari da jandarmomi. Wanda ya riga ya taɓa ya tafi asibiti ya faɗi gaskiya, hukuma kuma ta yi alkawarin ba za ta kama wanda ya kawo rahoto ba, in ba haka ba tsoro zai sa ya jefa abin a rijiya ko a bola. Iyaye mata, ku tambayi yaranku inda suka samo abin da suka shigo da shi gida. Shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa kuma su kai wannan magana gaban perefe da magajin gari a zamansu na gaba. Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu.